Kwalejin Kusa da Gidan Gwaggo

Shekarar da sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya fito, ƙauyenmu ya yi kwana uku yana da likita, kuma ni ce likitar. Wani ne ya ji an ce na ci da kyau, ya kai labari bakin kogi wurin masunta, kafin la'asar mata sun cika gidanmu da guɗa. Wata tsohuwa har ta janye zane ta nuna mini gwiwarta da ta kumbura, wai in fara da ita tun layi bai yi tsawo ba.

Rana ta huɗu malaminmu na kimiyya ya zo gida da littafin da ake bugawa kowace shekara, mai jerin kwalejojin ƙasar nan da makin da kowacce ta karɓa bara. Dalil ake kiran littafin da Larabci, ko da yake ban taɓa ganin ya ba kowa dalilin komai ba. Malam ya zauna a rumfar Baba, ya bi layi da yatsa, ya ce makina bai kai na likitanci ba. Ya juya shafi, ya ce bai kai na haɗa magani ba. Ya kai dai na handasa, wato aikin injiniya, shi ma ba kowane iri ba.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Inna ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Ƙauyen namu yana gaɓar Shuɗin Nilu ne, arewa da Sinja. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji, suka tsaya a nan su ɗan huta, har yau hutun ake yi. Baba albasa da kuɓewa yake nomawa a bakin ruwa. Bai yi makarantar gwamnati ba, amma bai taɓa hana ni ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake kirana, kuma yakan ce mutum ba ya hana uwarsa karatu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ban ji zafin rasa likitancin ba. Jini ko na kaza ne juya mini ciki yake yi. Abin da nake so daban ne, kuma malamin nan ne ya jawo mini shi. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, sai ya riƙa tsinto kayan koyarwa a hanya: guntuwar leda, murfin kwalba, tsinkakken silifa, yankin tiyo. Ya kunna kyandir a gaban aji, ya riƙe kowanne da awartaki ya kai wuta. Wani ya narke yana ɗiga da ƙanshi irin na kyandir ɗin, wani ya tayar da baƙin hayaƙi, wani kuma ya ƙi kamawa, sai wari mai shaƙe maƙogwaro. Ya ce duk roba muke kiransu, amma kowanne da danginsa da halinsa, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan a duniya, su zauna su tsara wa roba halin da suke so ta yi. Tun ranar ban sake wuce bola ban leƙa ta ba.

Shi ya sa da malam ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Ga handasar bolimarat, makinta ya kai," na yi wuf na ce ita nake so.

Baba ya dube ni. "Boli mi?"

Na ɗauki carbinsa da ke kan tabarma, na yi masa bayanin da aka yi mana a aji. Na ce ƙananan ƙwayoyi ne iri ɗaya waɗanda ido ba ya gani, ake jera su a zare mai tsawo kamar haka, kuma yadda aka jera su shi ke sa abu ya yi tauri ko laushi. Ya saurara har na kai aya, sannan ya karɓi carbinsa.

"Uwata, in carbi za a koya miki, ga liman nan kusa, kuma ba a shiga mota zuwa wurinshi."

Malam ya yi dariya ya ce, "Ya Hajj, daga man fetur ake yin su. Babban ilimi ne."

Tsautsayi ya sa Kawu yana wurin. Ƙanen Inna ne. Ya taɓa yin shekara biyu yana tuƙa motar wani kamfanin mai a kudu, ya dawo da baƙin tabarau da ra'ayi a kan duk wani abu mai inji, tun daga jirgin sama har keken ɗinki. Da ya ji fetur bai tsaya jin sauran bayani ba. Kafin magariba an ji a ƙofar masallaci cewa ɗiyar yayarsa za ta zama injiniyar fetur, kuma shi ya ba da shawara. Inna ta buɗe ƙofa ta fito. Mata suka dawo da guɗa, ko da yake ba ta kai ta farko ƙarfi ba.

Ni da bakina na rushe wannan. Maƙwabciyarmu ce ta tambaye ni a wurin ɗiban ruwa, in an gama karatun me ake ƙerawa. Na ce bokiti, jarka, leda, kujera, tiyo. Ta sauke jarkarta ta dube ta, ta dube ni.

"Irin wagga?"

"Irinta."

"Shekara nawa ake karatun?"

"Biyar."

"La ilaha illallahu! Ɗiyar nan, ai ranar kasuwa guda ake sayenta."

Cikin mako biyu na sauko daga likita zuwa fetur, daga fetur zuwa bokiti. Kawu ya ɗauke mini gaisuwa, wai na kunyata shi a gaban manya. Ya aiko ta bakin Inna cewa gara in yi malanta, ko ba komai malama ba ta warin hayaƙi.

Mutum ɗaya ne ya yi murna tsakani da Allah, tsohon da ke liƙin roba a kasuwarmu ta Laraba. Gindin darbejiya yake zama da kaskon gawayi da tsofaffin wuƙaƙe a wuta, ana kawo masa fasasshen bokiti da takalmin da ya rabu da madaurinsa. Da ya hango ni sai ya ɗaga wuƙa sama.

"Maraba da abokiyar sana'a! An ce za ki birni ki koyo aikina."

Masu sayar da tumatir suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ya yafito ni, ya ɗauko guntaye biyu, duka shuɗaye, ya ce in nuna masa wanda zai liƙe jarkar da ke gabansa. Na nuna ɗaya.

"Kin faɗi," in ji shi. Ya lanƙwasa shi kusa da kunnena don in ji ƙararsa, ya lanƙwasa ɗayan. "Wanga da jarka ba su auren juna, ko kin yini kina hura wuta. In sun gaya miki dalili can, ki zo ki gaya mini. Tun ina saurayi nake son in sani."

Sai a shekarata ta uku aka koya mini dalilin, kuma kafin in zo hutu Allah ya yi masa rasuwa.

Saura zaɓen wuri. A duk littafin nan wurare biyu ne makina zai iya nema. Ɗaya a Khartum, sashe guda sukutum na roba, kewaye da masana'antu. Malam ya nuna mini hoto a wayarsa, wani inji mai tsawon babbar mota yana tofar da murafan kwalba. Ɗayar kuwa a Jazira take, can wajen Kamlin, sabuwa ce, kuma robar a cikin sauran darussan masana'antu ake cusa ta. Ni ta Khartum nake so, babu ko tantama.

Baba bai tambayi inji ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa muke da shi can?"

A Khartum ba mu san kowa ba. A wajen Kamlin kuwa akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ke da hawasha, gonar audugar nan ta haya irin ta Jazira. A wurin Baba magana ta ƙare ke nan. Na yi ta kawo hujja, na ce malamai, na ce masana'antu, na ce samun aiki bayan karatu. Ya gyaɗa kai a kan kowacce.

"Duk na ji, uwata. In kin yi zazzaɓi, injin ne zai dama miki kunu?"

Amma don kada a ce ya yi mini dole, sai ya ce mu je in gani da idona. Mota uku muka shiga, daga Sinja zuwa Sinnar, daga nan Madani, sannan muka miƙa arewa tsakanin magudanan ruwa da gonaki shimfiɗe har iyakar gani. Gwaggo ta yanka mana kaza. Ta nuna mini gadon igiyar da zan riƙa kwana, da jikokinta huɗu da zan riƙa koya wa lissafi, da murhun da zan riƙa yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da safe kafin in tafi aji, tunda bayanta ya fara ciwo. Ta ce kuma Allah ya sa hutunmu yana faɗawa daidai lokacin tsinkar auduga.

Washegari da hantsi muka shiga kwalejin, Baba ya gudanar da bincike mai zurfi. Ya auna tsayin katangar ɗakin kwanan 'yan mata da sandarsa. Ya ɗanɗana ruwan randar da ke bakin ƙofa. Ya shiga masallaci ya tabbatar alƙibla daidai take. Ya zauna hira da mai gadi, har ya gano kakan mai gadin ma daga Sakkwato ya taso, abin da ya ƙara tabbatar masa da ingancin karatun wurin.

Na ce ina son ganin ɗakin gwaji. Aka ce mai mabuɗi ya tafi fatur, karin kumallon nan na ma'aikata da aka san lokacin fara shi amma ba a san na gamawa ba. Muka jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Daga ƙarshe na jawo bulo na taka, na leƙa ta taga. Inji ɗaya ne a tsakiyar ɗakin, an lulluɓe shi da tamfol an ɗaure da igiya, ƙura ta kwanta a kai har tsuntsu ya bar sawu.

Na sauko idona ya ciko da hawaye. Baba ma ya taka ya leƙa.

"Ma sha Allah," in ji shi. "Kin gani? Mutane masu adana kaya."

Ta intanet ake neman gurbi, don haka ranar cikawa muka tafi Sinja, wani shago kusa da kasuwa mai kwamfuta uku da janareta. Mai shagon dattijo ne mai gilashi, shi ke buga wa kowa. Ana jera zaɓi ne daga na ɗaya zuwa ƙasa, sai na'ura ta duba makin mutum ta ba shi na farkon da ya isa. Baba ya tsaya a kansa ya ce a sa ta wajen Kamlin a sama, ta Khartum a ƙarƙashinta, don kada in ce ba a sa ba. Aka buga. Ana shirin aikawa intanet ta ɗauke. Muka zauna muna kallon wani ɗan da'ira yana juyawa har aka kira azahar, Baba ya ce bari ya yi salla ya dawo.

Bai kai bakin titi ba intanet ta dawo.

Tun da nake ban taɓa saɓa wa Baba ba, ko a kan yawan sukarin shayi. Na matsa kusa da mai shagon, na yi masa magana da Larabci, don in ji kamar ba ni ke magana ba.

"Ya ammi, juya su. Khartum a sama."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Hajj ya sani?"

"Ya sani."

Ya juya su, ya aika, ya buga mini takardar shaida. Na ninke ta huɗu na tura can ƙasan jaka. Sannan ya ce in tsare masa shagon, shi ma zai yi salla.

Mako shida aka yi ana jiran sakamako, kuma ban taɓa yi wa Baba hidima irin ta makonnin nan ba. Na wanke masa tufafin da ba su yi dauɗa ba. Na kai masa shayi gona sau biyu a yini. Duk lokacin da ya ce "uwata" sai in ji kamar an soka mini ƙaya. Ban da tsoro kuma, ba zan ɓoye ba, akwai alfahari. Nakan tsaya tsakanin kunyoyin albasa in yi ta bitar jawabin da zan yi ranar da asiri ya tonu: zan durƙusa, zan nemi gafara, amma zan ce rayuwata ce, kuma ba zan ja da baya ba. Jawabi ne mai kyau ƙwarai. Akwai wurin da ni kaina nake kuka in na zo.

Sakamako ya fito, aka ba ni kwalejin wajen Kamlin. A shekarar makin Khartum ya hau, nawa ya gaza da ɗan kaɗan, na'ura ta tsallake zaɓina ta ba ni na Baba.

Baba ya yanka rago aka yi walima. Bayan an ci an sha liman ya gyara murya, ya ce jama'a su dubi albarkar biyayya: ga ɗiya, ranta na son wani wuri, ubanta ya zaɓa mata wani, ba ta ce uffan ba, ga shi Allah ya buɗa mata. Ina bayan zana tare da mata ina ji, na mayar da tsokar naman da ke hannuna cikin kwano. Daga ranar iyaye mata suka sami sandar dukan 'ya'yansu. Yarinya ta ƙi zuwa aike, sai a ce ba ta ga wance ba? Ƙawayena biyu sun yi wata ba su yi mini magana ba. Kawu ya dawo da gaisuwa, ya ce shi dama tun farko Jazira ya ce.

Wata biyu da fara karatuna, ɗan Gwaggo da ke Damazin ya zo ya ce iyayensa sun tsufa da noma. Suka ba wani hawashar, suka tattara har jikokin suka bi ɗan nasu. Na koma ɗakin kwanan ɗalibai, bayan katangar da Baba ya auna. A can na yi shekara biyar, na yi zazzaɓi ba sau ɗaya ba, kuma wata ɗaliba 'yar Dindir da muke ɗaki ɗaya ita ta riƙa dama mini kunu.

Wurin bai kai munin da na zata ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi da farko. A shekara ta uku aka yaye tamfol ɗin, injin ya tashi, yana aiki duk ranar da aka yi sa'ar wuta. Akwai wata malama mai tsanani da ba ta yarda ka ce "roba" a ajinta sai ka faɗi wace iri, ita ta koya mini kusan duk abin da nake ci da shi yau. Ita ce kuma ta kai mu ziyara masana'antun Khartum, inda na ga irin injin nan mai tofar da murafai. A hoto ya fi girma.

Bayan na gama na sami aiki a wata masana'antar bututun ban ruwa, ina gwada ƙarfinsu kafin a fitar. Da na shekara ina aiki na zo gida lokacin cirar albasa. Wata safiya muna zaune ni da Baba a gindin mangwaro a gona, muna yanke ganye muna ware manya da ƙanana, na ga babu kowa kusa, na ce yau dai sai na sauke kayan nan.

"Baba, akwai abin da na yi maka, shekara shida ke nan yana cina."

Bai ɗago ba. Na ba shi labari tun daga ɗaukewar intanet har ninke takarda. Jawabin nan da na sha bita ko kalma ɗaya ban tuna ba. Da na gama ya jefa albasa cikin tarin manya.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani?"

"Mai shagon ya iske ni ina alwala. Ya ce, ya Hajj, ɗiyarka ta juya, kuma ta ce ka sani. In kana so a mayar, akwai sauran kwanaki."

"To me ya hana ka mayarwa?"

"Na ce shi dakata in yi shawara. Da munka koma gida na biya wurin malaminku. Ya ce bana yara sun ci da yawa, da wuya Khartum su ɗauke ki. Na ce to, abin da hukuma za ta hana ki da kanta, don mi ni in ɗauki baƙin jini wurin uwata?"

"Kuma kana zaune liman yana yabona da biyayya, ba ka ce komai ba?"

"Ai har ni ya yaba da iya tarbiyya. Kin taɓa ganin wanda ya katse liman yana yabon gidanshi?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, amma haushi na nan a ƙasanta. Tawaye ɗaya tak na yi a rayuwata, ashe da izini na yi shi. Sai na yi tambayar da ta fi damuna.

"Da sun ɗauke ni fa, Baba?"

Ya ajiye wuƙa, ya goge hannunsa a gefen riga, ya daɗe yana kallon kogi.

"Da na kai ki," ya ce. "Malami mutum ne, yana iya kuskure. Kwanakin nan da kike ta wanke mini tufafi masu tsabta, na sa an bincika. Anka samo mini wata jikar ƙanwar kakata a Umdurman, ƙetaren kogi daga Khartum, mijinta tela ne. Ban taɓa ganinta ba. Na aika mata da gaisuwa da buhun albasa, don in buɗe hanya."

"Ka gaya mata dalilin albasar?"

"Ina zan gaya mata, sakamako bai fito ba? Da ya fito kuma babu abin faɗi." Ya sake ɗaukar wuƙarsa. "Ita dai ta ga albasa daga sama. Tun daga nan duk shekara sai ta aiko a gaishe ni, a tambaya ko gona ta yi kyau."

Na juya fuska ina share ido, na ce albasar nan ta bana akwai yaji. Ya ce ƙwarai kuwa. Sannan ya ce kada in gaya wa Inna ko ɗaya daga cikin maganganun nan, don ita har gobe ta yarda da liman. Ya nuna mini tarin manyan da sandarsa, ya ce in zaɓi masu kyau in cika buhu guda in ɗinke bakinsa, motar Umdurman gobe da safe za ta tashi.